Ƙaramar jam'iyya da kujerar kansila a Damagaram: ina ƙuri'unmu suka shiga?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan Garin Malam ne a nan Damagaram. A zaɓen kansiloli na 2020 na tsaya takara a wata ƙaramar jam'iyya, ni da abokaina da wasu iyayenmu mata. Gida-gida muka bi, kuma a rumfunan unguwarmu mun ga ƙuri'unmu da idonmu, har akwai rumfar da muka zo na biyu. Amma da aka raba kujeru ko ɗaya ba mu samu ba. Wasu cikinmu sun ce sace mana aka yi, wasu sun ce dama ƙaramar jam'iyya ɓata lokaci ce. Yanzu dai an rusa jam'iyyu. In Allah ya sa aka koma zaɓe, mu sake kafa tamu ko mu shiga inuwar manya? Don Allah a ba mu shawara."

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, kai da abokan tafiyarka da iyayen nan mata da suka yarda aka sa sunansu. Tambayarka biyu ce a dunƙule. Ta farko, ina ƙuri'un da kuka gani da idonku suka shiga. Ta biyu, ko ƙaramar jam'iyya tana da wani amfani a zaɓen kansiloli. Ta biyun ba ta amsuwa sai an warware ta farko, don haka can zan fi daɗewa.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Da yake malamai ake yawan ɗauka su riƙe rumfunan zaɓe, na shugabanci rumfa a 2004 da 2011, a 2020 kuma aikina shi ne koya wa wakilan jam'iyyu, waɗanda muke kira delege, yadda ake zama a rumfa da yadda ake karanta takardar sakamako. Daga nan na samo abin da zan faɗa maka, sai kuma dokar zaɓen da aka yi aiki da ita a 2020. Ni ba lauya ba ne, kuma aikina a cikin birni na yi shi da wasu ƙauyukan Mirya. Duk ranar da aka koma zaɓe, dokar da aka rubuta a lokacin ita ce za ta yi hukunci.

Zaɓen ƙananan hukumomi bai tsufa ba a Nijar. An gwada shi a watan Fabrairu na 1999, kotu ta soke sakamako a wurare da yawa, kafin a gama rigimar sojoji suka karɓi mulki a watan Afrilu. Wanda ya zauna da gindinsa shi ne na 24 ga Yuli 2004. Na ƙarshen 2009 ƴan adawa sun ƙaurace masa, juyin mulkin 2010 kuma ya share shi. Sai na Janairu 2011, wanda kansilolinsa suka yi kusan shekara goma ana ɗage zaɓe ana ƙara musu wa'adi, sai naku na 13 ga Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun aka naɗa kantomomi, ranar 26 ga Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun baki ɗaya. Ka ga ke nan sau uku kacal muka yi wannan zaɓe ya haifi majalisun da suka daɗe. Shi ya sa har yau mutane da yawa, har da ƴan takara, suna kallonsa da idon zaɓen shugaban ƙasa, alhali lissafinsa daban ne.

Yadda ake raba kujeru

Damagaram na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Maraɗi da Tawa. An raba ta da'ira biyar, kafin rushewar 2024 kowace tana da majalisarta da magajin garinta, sannan ga majalisar birni a bisa. Abin da ya shafe ka a nan shi ne: ba a unguwa ake raba kujera ba, kuma ba a rumfa ba. Ƙuri'un da'irar gaba ɗaya ake tarawa. Rumfar da kuka zo na biyu tana da daɗin tunawa, amma a wurin rabo ɗigo ce cikin randa.

Mai zaɓe kuma ba mutum yake zaɓa ba, lista yake zaɓa, wato jerin ƴan takarar jam'iyya. In an gama ƙirga, sai a ɗauki ƙuri'un da ba su lalace ba a raba su da yawan kujeru, abin da ya fito shi ne farashin kujera ɗaya. Kowace lista ta ɗauki kujeru gwargwadon sau nawa ƙuri'unta suka cika wannan farashi. Kusan kullum sai an bar saura, kuma wurin rabon sauran nan ne ƙananan jam'iyyu suke faɗuwa ba tare da sun san abin da ya kayar da su ba.

Bari in ba ka misali da alƙaluman da na tsara don allo, irin wanda nake yi wa delege. A ce kujeru 11 ne, ƙuri'u masu kyau 11,000. Farashin kujera 1,000 ke nan. Babbar jam'iyya ta farko ta samu 5,600, ta biyu 3,500, sai ƙanana uku: 780 da 670 da 450. A rabon farko ta farko ta ɗauki 5, ta biyu ta ɗauki 3, ƙananan ba wadda ta cika dubu. Saura kujeru 3.

Wanda bai san doka ba zai ce ai mai 780 ita ta fi kusa, a ba ta. Doka ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a ɗauki kowace lista, a raba dukan ƙuri'unta da yawan kujerun da za ta riƙe in an ƙara mata ɗaya, wadda lissafinta ya fi girma ita ke ɗauka, sannan a maimaita. Ta farko, 5,600 a raba gida 6, ya ba da 933. Ta biyu, 3,500 a raba gida 4, ya ba da 875. Ƙaramar tana nan a 780. Kujera ta tara ta tafi ga ta farko, ta goma ga ta biyu. Saura ɗaya. Ta farko yanzu a raba 5,600 gida 7, ya ba da 800 daidai, 800 kuwa ya fi 780. Ita ma ta tafi. An tashi 7 da 4, mutum 1,900 da suka zaɓi ƙananan ba su da ko wakili ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa akwati.

Ka lura da abu biyu a nan. Da mai 780 ta ƙara ƙuri'a 21 kawai, da kujerar ƙarshe tata ce. Ƙuri'a 21 gida uku ne a Birni ko Zengo. Tsofaffi ne da ba a samu mai kai su rumfa ba, ko mata ne da ba a nuna musu alamar jam'iyya da kyau ba har ƙuri'arsu ta lalace. Na biyu, da ƙananan nan uku sun haɗa lista ɗaya, 1,900 ɗin nan zai ba su kujera ɗaya tun a rabon farko, a rabon saura kuma 1,900 a raba gida 2 ya ba da 950, wanda ya fi 933, su ɗauki ta biyu. Mutanen nan dai su ne, ƙuri'un ma su ne, amma a rabe sifili, a haɗe kujera biyu. Wannan tsarin rabo yana ƙara wa mai yawa, yana hukunta rarrabuwa, kuma haka aka gina shi.

To batun sata fa?

Ba zan ce maka ba a maguɗi ba, don na zauna a rumfa na ga yadda ake matsa wa mutane, na kuma ga sabulu da sukari da turmin zane suna yawo daren jajibere. Amma zargi sai da takarda. Tambayar da zan yi maka ita ce: a rumfuna nawa kuka sa delege, kuma nawa cikinsu suka dawo muku da kwafin sakamako mai sa hannu? In rumfunan da'irarku sun kai ɗari kuna da mutum a ashirin, to ba ku san abin da ya faru a tamanin ba, kuma kotu ba ta aiki da "an ce". Mafi yawan ƙananan jam'iyyun da na horar wa mutane haka suke. Kuɗinsu ya ƙare a gangami da lasifika da man babura, ranar zaɓe ba abin ciyar da delege. Yaro ya zauna tun safe da yunwa, da la'asar wakilin babbar jam'iyya ya miƙa masa abinci da jika biyu, lokacin ƙirga bakinsa ya mutu. Wani ma kafin a buɗe akwati ya tafi gida. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin babban taro a filin unguwa da delege ƙoshasshe a kowace rumfa, delege zan ɗauka ba tare da na tsaya tunani ba.

Akwai kuma faɗuwar da ake yi tun kafin ranar zaɓe, wato ta dosiye, takardun neman tsayawa takara. Lista sai ta cika: yawan ƴan takara daidai da yawan kujeru, kowane da mataimakinsa. A misalin nan na kujeru 11, mutum 22 ke nan, kowa da takardar haihuwa, da nasiyonalite, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, ita kuwa in ta wuce wata uku ta mutu. Ga kason mata, wanda dokar 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari, aka kai shi 15 a 2014, aka kai shi 25 a 2019. Kada ka ɗauka ƙananan kaɗai abin ke ci: gab da zaɓen ƴan majalisar dokoki na Janairu 2011 an yi watsi da listoci da dama na manyan jam'iyyu saboda matsalar takardu. Ni kaina na taɓa taya wasu matasa haɗa dosiye, muka dogara da alƙawarin wani mataimaki cewa takardarsa tana ƙauye za a kawo, ranar rufewa ta zo ba a kawo ba, wahalar mutum ashirin da wani abu ta tashi a banza. Har yau abin yana yi mini ciwo, don da na matsa tun da wuri da an sauya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kujera ɗaya, mutum ashirin

A ce kun yi komai daidai kun samu kujera ɗaya. Wa zai zauna? Wannan tambayar ta kashe ƙananan jam'iyyu fiye da yadda manya suka kashe su. Abin da na gani a aikace shi ne jam'iyya ta raba wa ƴan takara yankuna, kowa ya yi aiki a nasa, bayan sakamako a duba wanda ya fi kawo ƙuri'a. Magana ce mai kyau a baki. Amma rumfa ɗaya tana iya haɗa mutanen unguwa biyu, wani ya kashe kuɗi wani ya kashe takalmi, shugaban jam'iyya kuma yana da ƙane a cikin lista. Na ga aminan ƙuruciya sun daina gaisawa a masallaci kan wannan. Iyayenmu mata su aka fi zalunta a nan: su ne masu shiga gidajen da namiji ba ya shiga, su ne masu ƙungiyoyin adashi da na Mata Masu Dubara, su suka kawo rabin ƙuri'un, amma an sa sunansu ne don cika kaso. Maganinsa rubutu ne tun kafin a kai dosiye: rumfa kaza ta wane ce, da wane ma'auni za a auna, in an yi kunnen doki yaya za a yi. Kowa ya sa hannu gaban dattawan da kowa ke jin kunyarsu. In kun haɗa lista da wata jam'iyya, rubutun nan ya ninka muhimmanci.

Sai ka ce, duk wannan wahala don kujera ɗaya? A nan ne nake saɓa wa abokanka masu cewa ɓata lokaci ne. Jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye, kansiloli ne ke zaɓensa a tsakaninsu. Majalisa mai kujeru 11 in ta tashi 5 da 5 da 1, mai ɗayan nan shi ke yanke wanda zai hau, kuma kowa zai zo ƙofar gidansa da dare. Ranar nan ce ake sanin dalilin da ya sa mutum ya tsaya takara. Wani babur zai karɓa ko fili. Wani kuwa zai ce ga sharaɗina: lambatun unguwarmu ya shiga kasafi kafin damina, a bayyana wa majalisa kuɗin da ake tarawa a kasuwa, yankan filaye ya bi ta gaban kansiloli. Ko ba a zo kunnen doki ba, kansila ɗaya mai karanta kasafin kuɗi layi-layi, mai tambaya a zaman majalisa, mai komawa unguwa ya faɗi abin da aka yanke, yana sauya halin majalisa. Na ga hakan da idona a wata ƙaramar hukuma ta karkara, kuma mutumin ba shi da ko keke.

Sai dai ku san girman kujerar kafin ku yi alƙawari. Kansila ba shi da albashi, ɗan kuɗin zama ne kawai, zaman ma na ƙa'ida duk wata uku ne. Abin da ke hannun meri, wato ofishin magajin gari, shi ne takardun haihuwa da aure da rasuwa, tsabtar gari, kasuwanni da tashoshi, harajin gari, filaye, da wani ɓangare na makarantun faramare da ƙananan asibitoci. Matsalar ruwan Damagaram, wadda ta girme ka ta kusa girme ni, wadda ta sa aka jawo ruwa daga Gogo da Macaya, daga baya daga Arunguza da Ganaram, aikin gwamnatin tsakiya ce da kamfanonin ruwa. Ɗan takarar kansila da ya tsaya a Kara-Kara ko Tudun Jamus ya ce zai kawo ruwa, ya ci bashin da ba zai iya biya ba, kuma mutane ba su mantuwa.

Inuwar manya

Shiga babbar jam'iyya ba abin kunya ba ne, kuma ba zan hana ka ba. Tana da kuɗin dosiye, tana da delege, tana da alamar da tsohuwa ta sani ko ido rufe. Lissafin da na nuna maka ma yana bayanta: ƙuri'arka 780 a cikin babbar lista ba ta faɗuwa ƙasa. Abin da za ka biya shi ne layi. Akwai waɗanda suka riga ka da shekara ashirin, akwai masu kuɗin da suka riƙe jam'iyyar, kuma ranar zaɓen magajin gari umarni daga Yamai zai zo, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. In ka shiga hannu rabbana, mai liƙa hotuna za ka zama. In ka shiga da takarda mai nuna rumfa kaza da kaza ni na kawo ƙuri'a kaza, to ciniki za a yi da kai.

Garinmu kuma yana da halinsa, dole ku sa shi a lissafi. Tun 1993 babban rabon ƙuri'ar Damagaram mutum yake bi. Alhaji Mahamane Ousmane, Nafarko, ya tashi daga CDS Rahama, ya yi takarar 2016 a MNRD Hankuri, ta 2020 a RDR Canji, jama'a da yawa suka bi shi duk inda ya sa ƙafa. A gefe guda ga jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati a lokacin, ita ma da nata rabon. Zaɓenku kuma an yi shi ne mako biyu kafin na shugaban ƙasa na 27 ga Disamba, don haka mutane da yawa sun shiga rumfa suna ganin gwajin ƙarfi ne tsakanin manya, ba zaɓen wanda zai kula da lambatu ba. A irin wannan iska filin ƙaramar jam'iyya ƙanƙane ne tun asali, samun abin da kuka samu ma ƙoƙari ne. Amma ka tuna yadda shi Nafarko ya hau a 1993: a zagayen farko Tandja Mamadou ne a gaba, haɗin jam'iyyun AFC ne ya ɗaga shi a zagaye na biyu. Darasin haɗa kai a garin nan aka fi kowa saninsa, ƙananan jam'iyyu ne kawai suke ƙin ɗauka, saboda kowane shugaba yana son alamarsa ta fito a takarda.

Ga shawarata kai tsaye. In abin da kuke nema murya ce a da'irarku, kada ku sake shiga ku kaɗai, kuma kada ku warwatsa ƙarfi a da'ira biyar don a ce jam'iyyarku tana ko'ina. Ku zaɓi da'ira ɗaya, ku nemi sauran ƙananan da ke cin ƙuri'a a tafki ɗaya da ku, ku haɗa lista. Dokar da ta gabata ta kuma yarda da ƴan takara masu zaman kansu, ƙofa ce da matasa ba su cika dubawa ba, ku duba ta in sabuwar doka ta fito. In kun zauna kun yi lissafi da gaskiya kun ga ko a haɗe ba za ku kusanci farashin kujera ba, to ku shiga babba a ƙungiyance, da sharaɗi a rubuce, ba ɗaya-ɗaya ba.

Yanzu kuwa, tunda doka ta rusa jam'iyyu, ba na ba ka shawarar yin wani abu da sunan jam'iyya, a fili ko a ɓoye. Akwai aikin da ba ya bukatar alama. Ku taimaki mutanen unguwa su yi takardar haihuwa, musamman mata da samarin da ba a yi wa ba tun suna jarirai, don ko rajistar zaɓe ko dosiye da ita ake farawa. Ku shiga kwamitin makaranta da na asibitin unguwa, ku yi gayyar yashe lambatu kafin ruwa ya sauka, fadarku ta zama wadda ake kira in abu ya taso, ba ta shayi kaɗai ba. Sannan ka nemi tsofaffin delegenku ka tattara duk kwafin sakamakon 2020 da ya rage a hannunsu, ka nemo jimillar ƙuri'un da'irarku da yawan kujerunta, ka zauna da abokan nan naka masu cewa sata ce, ku yi rabon da na nuna maka da alƙalami, kujera bayan kujera har ta ƙarshe. In ka gama ka aiko mini da adadin ƙuri'un da suka raba ku da ita, da sunayen ƙananan listocin da suka zo kusa da ku, mu duba tare.